Kada Mu Yi Cinikin Biri A Sama: Batun Ƙananan Kwamfutoci A Ƙasar Kazaure Da Baɓura

Na san akasarinku labari kuka saba zuwa nema, kuna ɗokin jin yadda za ta kaya tsakanin saurayi da budurwa, to amma ku ɗan yi mani haƙuri yau, domin maganar da ke tafe da ni ta shafi ruwan da muke sha da gonar da muke ci daga gare ta. Magana ce a kan wasu 'yan ƙananan kwamfutoci masu araha waɗanda ba su wuce tafin hannu ba, waɗanda yanzu matasanmu masu karatun fasaha suke ɗora wa aikin kunna inji da kashe shi ba tare da mutum ya sa hannu ba. Ra'ayina a kansu bai da wani ɓoye-ɓoye. Ina goyon bayan a yi amfani da su a Kazaure da Roni da Gwiwa da Baɓura, amma bisa sharaɗi guda, wato kada a miƙa wa manomi ko al'ummar ƙauye ko guda ɗaya sai an auna ƙwazonta a cikin zafinmu da ƙurarmu da irin wutar lantarkinmu, an kuma rubuta sakamakon kowa ya gani.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai. A shekarar 2005 wasu malamai a garin Ivrea na ƙasar Italiya suka fito da wani ɗan allo mai suna Arduino domin ɗalibansu su riƙa koyon sarrafa na'urori cikin sauƙi. A watan Fabrairun 2012 kuma wata gidauniya a Ingila ta fitar da Raspberry Pi, cikakkiyar kwamfuta mai girman katin banki, a kan dala 35. Daga baya aka yi ta ƙanƙanta su ana rage farashi, har a 2015 aka fitar da Pi Zero a kan dala 5, a 2021 kuma aka fitar da Pico a kan dala 4. Wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Espressif shi ma ya fito da ESP32 a 2016, wadda take zuwa da hanyar kama intanet ba tare da waya ba. Su ne dai za ka gani a cikin ayyukan kammala karatu da dama na ɗaliban injiniya a faɗin ƙasar nan.

Aikin da ake ba su shi ne na mai lura. Manhajar da ke cikinsu takan duba wani ma'auni, ta yanke hukunci, ta ba inji umarni, sannan ta sake komawa ta duba, haka za ta yi ta zagaye dare da rana. Ta duba tankin rijiyar burtsatse, idan ya cika ta kashe injin da ke ƙasa, wanda masu gyara ke kira sumo, idan ruwa ya ja baya a rijiyar ta tsayar da shi kafin ya ƙone. Ta duba danshin ƙasa a gonar tumatir ta buɗe ruwa ko ta rufe. Ta riƙe ɗumin injin ƙyanƙyasa a wajen digiri 37.5 har tsawon kwana 21 da ƙwan kaza ke buƙata. Ta tsare firjin allurar rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Duk wanda ya san bakin dam ɗin Kazaure lokacin rani, ko filayen aikin noman rani na Gari da ya ratsa Kano da Jigawa, ko ƙauyukan da ke cikin duwatsun Roni inda samun ruwa yake da wuya, ya san cewa waɗannan ba ayyukan wasa ba ne.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce yadda muke tabbatar da cewa abu yana aiki. Al'adar da ta zama ruwan dare a makarantunmu na fasaha a ƙasar nan ita ce ɗalibi ya haɗa na'urarsa, ranar kare aiki ya kawo bokiti biyu da ɗan famfo, ya kunna a gaban malamai, fitila ta kama, ruwa ya zuba na minti biyar, a tafa masa, a ba shi maki. Haka ɗan kwangila ma yake yi ranar buɗe aiki, a yanka kyalle, ruwa ya fito, a ɗauki hoto, a watse. Wannan nuni ne kawai, kuma nuni bai isa hujja ba. Uwar gida idan ta aika a sayo mata gero ba ta yarda da cewa buhun ya yi kyau a ido, sai an sa mudu an auna, kuma mudun da kowa ya sani, ba wanda mai hatsi ya bubbuge gindinsa ba. Awon ƙwazon manhaja shi ne wannan mudun. A ɗora wa na'urori daban-daban aiki iri ɗaya, a yanayi iri ɗaya, a ƙirga abin da kowace ta yi da lambobi, ta yadda wani ma idan ya maimaita zai sami abin da aka samu.

Abu na farko da awo ke koya wa mutum shi ne sauri daban, cika alƙawarin lokaci daban. Raspberry Pi 4 da ta fito a 2019 tana da masarrafa mai kai huɗu, tana gudu ninki kusan ɗari a kan Arduino Uno idan aka kwatanta bugun agogonsu. Amma fa Pi tana tafiya ne a kan babbar manhajar Linux, wadda take raba hankalinta tsakanin ayyuka da dama a lokaci guda, tana rubutu a kati, tana sauraron intanet, tana kula da allo. Ita kuwa Arduino aiki ɗaya tal ta sani. Kamar yara biyu ne, ɗaya mai ƙafa kamar barewa amma an jibga masa aike ashirin, ɗayan ba shi da gudu sosai amma aike ɗaya aka ba shi. Idan magani ake jira cikin gaggawa, wanne za ka aika? Shi ya sa masana sarrafa inji ba su cika damuwa da yawan lissafin da na'ura ke yi a sakan ɗaya ba, abin da suke tambaya shi ne, idan lokacin aiki ya yi, jinkirin nawa take yi kafin ta amsa, kuma mafi munin jinkirin da ta taɓa yi nawa ne.

Wannan kalma ta mafi muni ita ce zuciyar maganar, domin matsakaicin lissafi yana da yaudara. Ka ɗauki mai gadi wanda yake kwana ido biyu dare 29 a wata, dare ɗaya kacal yake sheƙa barci. A takarda ya ci fiye da kashi 96 cikin ɗari, amma ɓarawo wannan daren guda yake jira. Mu yi ɗan lissafi tare. A wuni ɗaya da kwana akwai sakan 86,400. Idan manhaja tana zagayenta sau 100 a kowane sakan, ta yi zagaye 8,640,000 ke nan a rana. A ce sau ɗaya kawai take makara a cikin kowane zagaye miliyan ɗaya, abin da mai talla zai kira kusan babu kuskure, to a kullum sai ta makara sau takwas ko tara. Idan tanki take cikawa, makarar rabin sakan ba ta ɓata komai. Idan kuwa na'urar juya wutar batir zuwa wutar gida take sarrafawa, inda wutar ke juyawa sau 50 a sakan, wato kowane juyi kashi 20 cikin dubu na sakan, to makara ɗaya na iya janyo hayaƙi. Saboda haka babu na'urar da za a ce mai kyau ce haka kawai, sai an faɗi aikin da aka auna ta a kai.

Abu na biyu shi ne daɗewa. Akwai cutar da ba ta bayyana a minti biyar, sai na'ura ta kwana tana aiki. Tarihi ya ajiye mana misali mai ban tsoro. A ranar 25 ga Fabrairun 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, na'urar kakkaɓo makamai mai suna Patriot da sojojin Amurka suka kafa a Zahran ta ƙasar Saudiyya ta kasa tare wani makami mai linzami, ya faɗa kan masaukin sojoji ya kashe 28. Da aka bincika sai aka tarar wani ɗan guntun kuskure ne a yadda manhajar ke ƙirga lokaci, wanda ba ya ko ganuwa idan an kunna ta na 'yan awoyi, amma da yake ta shafe kusan awa 100 a kunne, kuskuren ya taru ya kai kimanin sulusin sakan. A wannan ɗan taƙin makamin ya riga ya wuce da fiye da rabin kilomita. Idan wannan ya sami na'urar da aka kashe wa miliyoyin daloli, me zai sa mu ɗauka tamu da aka gwada da bokiti za ta tsira? Mai kiwon kaji a Gwiwa da ya zuba ƙwai ɗari uku a inji, idan manhajar ta sandare a dare na goma sha takwas, ba ruwansa da cewa ta yi aiki lafiya kwana goma sha bakwai.

Abu na uku shi ne yanayinmu, kuma nan ne dalilin da ya sa sakamakon awon da aka yi a Turai ba zai wadatar da mu ba. Masarrafar Raspberry Pi an yi ta ne ta yadda idan zafinta ya kai wajen digiri 80 sai ta fara rage gudu da kanta domin kada ta lalace, idan ya kai 85 ta ƙara ragewa. A ɗakin gwaji mai sanyi da wuya a ga haka. Mu kuwa a nan, daga Maris zuwa Mayu zafin inuwa kansa yana haura digiri 40, balle a ce an kulle na'urar a cikin akwatin ƙarfe a gindin tanki tsakar rana a Baɓura, can bakin iyakar Nijar. Idan an sa mata 'yar fanka, hunturu na nan tafe da ƙurar da za ta toshe ta. Ga kuma ɗaukewar wuta. Pi tana ajiye dukkan manhajarta a ɗan katin ma'adana irin na wayar hannu, kuma sananne ne cewa idan wuta ta yanke tana tsaka da rubutu, katin na iya rikicewa ta ƙi tashi gaba ɗaya. Har wa yau, samfuran da suka gabaci Pi 5 ta 2023 ba su da agogo mai riƙe lokaci idan an kashe su, daga intanet suke samun lokaci. A ƙauyen da babu sabis, idan wuta ta ɗauke ta dawo, na'urar da aka ce ta yi ban ruwa da asuba tana iya yinsa da azahar, ita a ganinta daidai ta yi.

Wani zai ce ai kamfanonin da suka ƙera su sun rubuta ƙwazonsu a jikin kwali. Gaskiya ne sun rubuta, kuma ban ce ƙarya suke yi ba, sai dai abin da suka auna allo ne tsirara a ɗakinsu, ba su auna manhajar da yaronmu ya rubuta ba, a cikin akwatin da maƙerinmu ya haɗa, da batirin da aka sayo a kasuwa. Kuma duniya ta riga ta koyi darasi a kan barin mai kaya ya auna kayansa. A shekarar 2015 aka gano cewa kamfanin motoci na Volkswagen ya sanya wa motoci kimanin miliyan 11 wata manhaja da take gane lokacin da ake gwada hayaƙinsu, sai ta gyara halinta, da an fita titi ta koma gidan jiya. Ka ga ke nan ko awon ma sai an lura da wanda ke riƙe da mudun.

Akwai kuma masu cewa araha ba ta ado, a bar waɗannan tarkacen a sayo manyan na'urorin sarrafa inji irin na masana'antu. Ga babbar tashar ruwa ta birni wannan magana ce mai kan gado. Amma rijiyoyin ƙauye ɗari nawa za a iya saya wa irinsu, kuma idan sun lalace wa zai gyara? Sannan araha ba ita ce aibin ba. Ɗan jirgin nan mai saukar ungulu, Ingenuity, da hukumar NASA ta tayar a duniyar Mars ranar 19 ga Afrilun 2021, masarrafar wayar hannu aka sa masa tare da Linux. An tsara zai tashi sau biyar, sai da ya tashi sau 72 kafin ya daina a Janairun 2024. Sirrin kuwa, an gwada shi gwaji mai tsanani tun yana ƙasa, kuma injiniyoyin ba su ɗora wa wannan masarrafar komai da komai ba, aikin da ba ya jure makara sun ba wasu ƙananan masarrafai na daban. Irin wannan rabon aiki awo ne ke nuna wa mutum inda ya dace a yi shi. Bugu da ƙari, gyaran da ke sa Linux ta riƙa cika alƙawarin lokaci, wanda masana suka shafe kusan shekara ashirin suna aikinsa a gefe, an shigar da shi cikin uwar manhajar a 2024, kuma manhajar da ake auna jinkirin da ita, cyclictest, kyauta ce ga duk mai so.

Masu suka na uku su ne suka fi ƙarfin hujja a ganina. Suna cewa me ya kai kwamfuta tankin ruwa, alhali ƙwallon nan mai iyo da ake ɗaurawa a tanki yana kashe inji idan ruwa ya cika, ba ya buƙatar manhaja, kuma kowane mai gyaran famfo ya san shi? Na yarda da su ɗari bisa ɗari a wurare da yawa. Amma ku lura, wannan hujja tasu ma goyon bayan awo take yi. A ajiye ƙwallon a gefe guda, Arduino a gefe guda, Pi a gefe guda, a ba su wata uku. Idan ƙwallon ya yi nasara a rubuta haka, a huta da ɓarnar kuɗi, a kai kwamfutar inda ƙwallo ba zai iya ba, kamar aika saƙo ga mai gyara cewa rijiya kaza ta tsaya tun jiya. Awo ba ya jin kunyar kowa, kuma wani lokaci amsar da zai bayar ita ce a bar abin yadda kakanni suka san shi.

To wa ya kamata ya ɗauki wannan aiki? Nan ne nake ganin wannan yanki namu ya fi kowane yanki a Jigawa dacewa. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. A Kazauren dai aka kafa cibiyar koyar da fasahar kwamfuta da jama'a suka fi sani da Informatics, a farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, lokacin da jihohi da dama ba su ma fara tunanin abin ba. A 2021 kuma gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Baɓura. Ga malamai, ga ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga gonaki da rijiyoyi a bakin ƙofa. Kayan aikin ma ba wasu masu tsada ba ne, 'yan alluna ne, da ma'aunin zafi, da ma'aunin wuta, da akwatunan ƙarfe, da wanda zai jure rubuta lambobi kullum. Irin wannan bincike ne asusun TETFund ya kamata ya yi marhabin da shi, domin amfaninsa a fili yake.

Ga abin da nake ba da shawarar mudun namu ya ƙunsa. Na farko, a auna mafi munin jinkiri, kuma a auna shi lokacin da aka jibga wa na'urar aiki, ba tana zaune ba. Na biyu, kada gwaji ya gaza kwana 30 a jere babu kashewa. Na uku, a yi shi a cikin akwatin da za a kai ƙauye da shi, a rana, a watan Afrilu, a sake maimaitawa da hunturu da kuma damina. Na huɗu, a zare mata wuta ba zato ba tsammani sau 100, a ƙirga sau nawa ta tashi da kanta, sakan nawa ta ɗauka, kuma a wane hali ta bar injin lokacin da ta suma, a kunne ko a kashe, domin injin da aka bari a kunne babu mai lura shi ne yake ƙonewa. Na biyar, a auna wutar da take sha, saboda Pi 4 ko tana zaune tana cin wajen wat 3, alhali ESP32 ba ta kai wat ɗaya ba, kuma wannan bambancin kuɗin batir da farantin sola ne daga aljihun talaka. Na shida, a raba ta da intanet na mako guda a ga ko za ta ci gaba da sanin lokaci da aikinta. Na bakwai, a kira mai gyaran waya ko mai gyaran famfo na garin, a ɓata wani abu da gangan, a ga ko zai iya gano shi ya gyara da kayan da ake samu a Kazaure ko Kano.

Idan an gama, a wallafa sakamakon, kuma a wallafa shi da Hausa tare da Ingilishi, a shafi ɗaya da shugaban ƙungiyar manoma zai iya karantawa ya gane. A rubuta wanda ya ci da wanda ya faɗi, har da wanda ya ƙone. Malamai su riƙa ba ɗalibin da ya kawo lambobin gaskiya na na'urar da ta gaza maki fiye da wanda ya kawo fitila mai walƙiya ba tare da lamba ko ɗaya ba. Ƙananan hukumomi da masu ba da tallafi kuma su sa a cikin takardar kwangila cewa ba za a biya kuɗin na'urar sarrafa inji ba sai da shaidar ta haye wannan awo. Ɗan kwangilar da ya san za a zare wa kayansa wuta sau ɗari, tun daga gida zai shirya.

Abin da nake jiye mana tsoro ya wuce asarar inji. Mutanen karkara sun sha ganin ayyukan da suka yi wata uku suka mutu, har sun fara ɗauka cewa haka abin zamani yake. Idan muka bari aka cika ƙauyukanmu da na'urorin da ba a gwada ba suka mace ɗaya bayan ɗaya, gobe ko da ɗan garin ya ƙera mai nagarta babu manomin da zai saurare shi, sai a ce ai mun gani a wurin wane. Yaran nan da iyayensu suka sayar da tumaki suka kai su makarantar fasaha su ne za su kwana a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun yanzu da abin bai yaɗu ba ya kamata a sassaƙa mudun.

Ina fatan wannan kira zai kai kunnen malamai da ɗaliban makarantun da na ambata, da shugabannin ƙananan hukumominmu. Kai kuma mai karatu, duk ranar da aka zo maka da wata na'ura aka ce za ta kula maka da rijiya ko gona ko kaji, ka tambayi mai ita kwana nawa ta taɓa yi a kunne, a wane zafi, kuma me take yi idan wuta ta ɗauke. Idan ya fara inda-inda, ka riƙe kuɗinka.